Jirgin da Ke Tsayawa a Tsakiyar Hanya

Shekaranjiya ina zaune a kan kifaffen kwale-kwale a bakin ruwan nan na Wara, ina gyaran igiya, sai na ji ɗayanku, ku yaran jirgi, yana ce wa abokinsa wai tuƙin jirgi ba wani aiki ba ne: a ja igiya inji ya tashi, a riƙe hannu, sauran kuma ruwa ne ke yi. Ban tanka ba, don a gaban fasinja ne. Yau da babu kasuwa, iska ma ta hana kowa fita, ku matso in gaya muku yadda na koyi aikin nan, da yadda na sake koyonsa da furfura a kaina, bayan ciwon da kuka san na yi amma ba ku san duk abin da ya bar mini ba.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Ɗantani. Bagunge ne, daga mutanen tsibiran kogin nan, gajere mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Inna ce ta kama hannuna ta kai ni wurinsa bayan rasuwar babanmu, ta ce, "Ga Audu nan. Ci ya iya, sauran kai za ka koya mai." Lokacin babu inji a jirginsa. Abin da muke da shi doguwar gora ce ta tokare ƙasa, da filafili, da wasu buhuna da aka farke aka ɗinke wuri guda, in iska ta yi daidai a ɗaga su jikin sanda ta tura mu. Ni kuwa ƙoƙo aka danƙa mini. Na daɗe ban taɓa komai ba sai ƙoƙon kwarfar ruwa, ina ta kumburi. Daga baya na gane mai kwarfa shi ke fara sanin lafiyar jirgi. Ruwan da igiyar ruwa ta watso ta sama daban, wanda ya tsatso ta tsakanin katako daban. Na biyun sanyi gare shi, kuma kullum wuri ɗaya yake taruwa. In ka gano wurin, da mun sauka sai a jawo jirgi tudu, a cusa auduga da bakin wuƙa, a narka kwalta a gwangwani a bi kai, in tsagar ta yi faɗi a buga fallen kwano da ƙananan ƙusoshi. Har yau in na ji warin kwalta a wuta, Ɗantani nake tunawa.

Daga ƙoƙo aka mayar da ni goshin jirgi da gora, a nan kuwa ainihin karatun yake. Wannan ruwan da kuke gani shimfiɗe ba haka ya taso ba. Da aka datse kogi a Kainji ne ya hau kan gonaki da dazuzzuka, itatuwan kuma suna nan tsaye a ƙarƙashi har gobe. Kututture ɗaya ya isa ya farke cikin jirgi. Ɗantani ya san da yawansu, don ya sha inuwarsu kafin ruwa ya rufe su. Sai ya ce, "Tsamiya na nan dama, kauce." In duba in ga babu komai sai ruwa. Ya ce in ƙara dubawa. Can sai in ga wurin yana ɗan tasawa, kamar an sa yatsa a ƙarƙashin zane. Kuma hanya ba ta zama ɗaya duk shekara. Bayan damina, in ruwa ya cika, kana wucewa ta kan kututturan ba ka ma sani ba. In bazara ta yi ruwa ya ja baya, hanyar da ka bi lafiya kwanakin baya ita ce za ta kashe ka.

Ranar da na fara riƙe hannun inji da kaya na gaske, bijimi muka ɗauko wa wani Bafulatani daga ƙetare. Ɗantani bai daɗe da sayo tsohon inji daga Yelwa ba. Muka shimfiɗa bambaron shinkafa a tsakiyar jirgi, muka kayar da bijimin, muka ɗaure ƙafafunsa, muka rufe masa ido da tsumma, muka tokare shi da buhunan gero hagu da dama. Mutane suka zauna gaba da baya. Mun yi nisa ke nan sai tsumman ya zame, bijimi ya ga ruwa, ya yunƙura. Jirgi ya karkata, mata suka fara salati. Jikina duk ya tafi wurin in tashi in taimaka a danne shi. Ɗantani yana kan wuyan bijimin, bai ko juyo ba, ya ce, "Kar ka saki. Ko mi ya faru, kar ka saki hannun nan." Na zauna daram. Na rage wuta kaɗan, na miƙar da goshin jirgi, su kuma suka gama da bijimin. Da muka sauka bai yaba mini ba, sai dai ya ɓallo goro ya miƙo mini rabi. Wannan ne goro na farko da na ci a gabansa.

Inji kuwa da kunne ake tuƙa shi. Kafin ya mutu sai ya yi maka ƙorafi, in kana da kunnen ji. In fulogi ya yi datti muryarsa na rawa. In kainuwa ko tsohuwar raga ta naɗe farfela sai ka ji ya yi nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. In ka daki kututture, ɗan ƙarfen da ke riƙe farfela ya karye, inji zai yi ta ihu jirgi ba ya motsi. Shi ya sa ba na fita sai da fulogi na ajiya, da filaya, da 'yan ƙusoshin da na yanke daidai ramin ƙarfen farfela, ƙunshe a leda. Kuma ba na yarda wani ya haɗa mini fetur da man inji. Da hannuna nake yi. Lodi ma karatu ne. Mai nauyi ƙasa kuma tsakiya, babur a kwance a ɗaure, mutane a raba su daidai. In na sa tafin hannuna daga bakin jirgi zuwa ruwa na ga bai kai yadda nake so ba, ko sarki ne ya zo sai ya jira wani jirgin.

Da Ɗantani ya tsufa ya bar mini jirgi, sai ƙanena Shehu ya dawo goshi da gora, ni ina baya. Haka muka yi shekaru masu yawa, har shi ma ya yi furfura. Waɗannan su ne shekarun daɗi. Da hantsi bakin ruwa ya cika, ƙananan kifin warangi shanye a kan tabarmi yana ƙyalli, giwan ruwa sai mutum biyu sun rataya ta a sanda. In sha shayi mai kauri wurin mai tebur, in cusa goro a kumatu, in ja igiya. Fasinjana na san su, na san 'ya'yansu. Akwai Kambarawa masu kai gero da dawa, akwai Sarkawa masu raga, akwai masu albasa, ranar Lahadi har 'yan coci nake ƙetarar da su suna waƙa ruwa na amsawa. A cikinsu duka babu wadda ta kai Hajiya Ige daɗewa a jirgina. Bandar kifi take saye a tungayen masunta ta kai kasuwa. Wurin zamanta ɗaya ne, a baya kusa da ni, kan kwandonta, don ta ce gaba jiri yake sa ta. Mace ce mai faɗar magana yadda take. Ta girme ni kaɗan, kuma ba ta bari in manta.

Shekarar wahala da fitsari ta fara. Sai in tsuguna in daɗe, abu kaɗan ya fito. Na sha saiwoyi, na sha jiƙo, babu sauƙi. Ranar da na ga jini, maiɗakina Hauwa ta ce ba ta ƙara dafa mini wani magani, asibiti za mu. Daga asibitin Yelwa aka tura mu Sakkwato. Can aka yi gwaje-gwaje, likita ya zaunar da ni da Shehu ya ce ciwon daji ne, a wata 'yar tsoka da maza ke da ita a ƙasan mafitsara, amma an gode Allah bai bazu ba. Aka sa ni layin gashi. Kullum in je in kwanta a ƙarƙashin wani inji, ya yi ta zagaya ni, ba zafi ba komai, in tashi in koma masauki. Makonni muka yi a haka, ga allurai. Shehu ya dawo gida ya riƙe jirgi da wani maƙwabcinmu. Ni kuwa ina can birni, rabona da in yi kwana biyu ban ga ruwa ba tun ina yaro.

Da aka gama, aka sake gwaji, likita ya ce ciwon ya kwanta, sai dai in riƙa dawowa ana dubawa. Na dawo Wara aka yi ta zuwa barka. Abin da ban gaya wa masu barka ba shi ne, a da fitsari ba ya son fita, yanzu kuma ba ya son jira. Ba irin matsuwar da kuka sani ba ce, wadda take zuwa a hankali har mutum ya gama abin da yake yi. Wannan kamar a daka maka tsawa ce. Kana zaune lafiya, sai kawai ta zo, kuma daga inda kake zuwa bayan gida ya yi nisa. In ka je, abin bai cika ƙoƙon shayi ba. Kafin ka gama wanke hannu wata ta taso. Ƙarar ruwa ma tayar da ita take yi. Ku dubi mutumin da ƙarar ruwa ke tayar masa da fitsari, kuma a kan ruwa yake neman abinci.

Salla ta fara damuna kafin aiki. Na daina shiga sahun gaba, daga baya na daina zuwa jam'i. Liman ya aiko, na je na same shi shi kaɗai na faɗa masa. Ya ce, "Malam Audu, wannan larura ce, kuma an san da ita tun kafin a haife mu. In lokaci ya yi ka yi tsarki, ka yi alwala, ka sa tufa mai tsabta gwargwadon iko, ka yi sallarka. Abin da ya fi ƙarfinka ba a kama ka da shi." Wannan ya warware mini ɗaya.

Na koma jirgi da dabarar da na ƙirƙiro wa kaina: na daina shan ruwa. Ranar kasuwa daga asuba ba na kai ruwa bakina sai mun dawo. Shayi dai ina sha, don in samu ƙarfi, goro kuma na ƙara, don ya kashe mini ƙishi. Na yanke bakin wata gorar roba na ɓoye a bayan jarkar mai. Direba a baya yake, kowa gaba yake kallo, in ruwa na kwance sai in rage wuta, in yafa mayafi a cinya, in yi abin da zan yi da hannu ɗaya. Ina ganin na yi wayo. Ashe ƙara wa kaina nake yi. Fitsarin ya yi ja, ya yi wari, yana ƙuna, matsuwar kuma ta ƙaru. Ga jiri da rana.

Wata ranar kasuwa, farkon damina, mun taso daga ƙetare bayan azahar, jirgi cike da buhuna da awaki da mutane. Mun kai inda babu tudu kusa sai gabas ta yi baƙi. Iska ta riga ruwan sama isowa. A irin wannan ba a gudu, ba a kuma tsayawa. Kana ba igiyar ruwa kafaɗar jirgi, in ta taso ka ƙara wuta ka hau, in za ka gangara ka rage, ido a kan gorar Shehu don wurin akwai kututture. Hannu biyu nake riƙe da inji. A nan ta zo mini. Na matse, na cije, na karanta abin da na iya. Shehu yana can goshi, tsakaninmu kaya da mutane, ba halin ya zo. In na saki hannu ko na ɗan lokaci jirgi zai ba igiya gefe, kuma akwai jarirai a ciki. Na duba hannun inji, na duba bayan mutanen nan, na bar abin ya zubo. Ina jin ɗuminsa yana bin ƙafata har cikin takalmi, ban sassauta hannu ba, har muka shiga lungun da iska ba ta kaiwa.

Feshin ruwa ya jiƙa kowa, don haka na sa rai babu wanda ya lura. Amma Hajiya Ige tana nan kan kwandonta, kuma warin fitsarin wanda bai sha ruwa ba ba ya ɓuya. Ba ta juyo ba. Sai da kowa ya sauka, ana ta hamdala, ta tsaya tana gyara ɗaurin kwando, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Direba, yaushe rabonka da shan ruwa?" Na ce lafiya lau nake. Ta ɗauki kayanta ta tafi.

Da na isa gida na ce wa Shehu daga yau jirgi nasa ne. Bai yi musu ba. Ya ce, "Yaya, ka yi naka. Ka huta, abin da anka samu tare za mu ci." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Kasuwa ta zagayo ina zaune a zaure ina jin tashin injina daga nesa. Ko cikin injuna nawa ne ina gane muryarsa. Na ji Shehu yana ba shi wuta da yawa tun bai yi ɗumi ba, ba halin in yi magana.

Kasuwa ta sake zagayowa, da yamma sai ga sallamar Hajiya Ige. Hauwa ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta kira ni. Na fito ina noƙewa. Bayan gaisuwa ta ce, "Anka ce ka aje aiki."

Na ce, "Jiki ne, Hajiya."

Ta ce, "Na san jikin. Ina wurin." Hauwa ta yunƙura za ta tashi, ta ce mata, "Zauna, ke ke wankin, ba abin da za ki ji sabo." Sannan ta dube ni. "Tun haihuwar autana haka nike. In na yi tari, in na ɗaga kwando, in jirginka ya daki igiya. Autan nan yanzu yana da 'ya'ya. Ka taɓa ganin na fasa kasuwa?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "Kuma ba ni kaɗai ba. Tsofaffin matan da kake ɗauka, da masu ciki, kana tsammanin mi ya sa ba su sayen ko kunu a bakin ruwa? Tsoron tahiya. Ku maza kun juya baya kun yi, mu sai mu daure har tudu. Yanzu da abin ya zo kanka sai ka shige ɗaki?"

Hauwa ta sunkuyar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Hajiya Ige ta kwance wani ƙulli ta tura gabanta. Tsofaffin zannuwa ne masu laushi, an yanka an ninke an ɗinke, ta nuna mata yadda ake sawa da yadda ake wankewa a shanya a rana. Ta ce akwai na kanti irin na manya a Yelwa, don ranar doguwar tafiya. Ta ce in bar farin wando, in sa mai duhu da doguwar riga, in riƙe na canji a leda. Har ta miƙe za ta tafi ta juyo ta ce, "Kuma in da so samu ne, ka nemo muna inda za a tsaya a hanya. Kai ka san ruwan nan. Ba a rasa tudu."

Da lokacin komawa asibiti ya yi, sai na buɗe baki na faɗa, abin da a baya kunya ta hana ni. Wani malamin jinya, dattijo, ya ce ai da na faɗa tuntuni. Ya ce gashin da ya kashe ciwon ya taɓa mafitsara, shi ya sa take matsewa tun ba ta cika ba, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi. Da na gaya masa dabarar ƙin shan ruwa sai ya girgiza kai. Ya ce fitsari mai kauri shi ke ƙara tsokanar ta. In riƙa sha kaɗan-kaɗan, in rage in dare ya gabato. Ya ce shayi, da goro, da lemun kwalba, da yaji mai yawa, duk suna zuga ta. Ya koya mini matse ƙasan jiki kamar mai riƙe iska, in saki, in sake, safe da rana da yamma. Ya ce in matsuwa ta zo kar in zabura da gudu, in tsaya cak, in matse, in ja numfashi, sau da yawa za ta lafa, sannan in tafi a hankali. Kuma in riƙa zuwa a kan lokaci tun ba ta kira ni ba, ina ƙara tazara sannu-sannu. Likita ya ƙara mini da ƙwaya mai busar da baki.

Duk cikinsu goro ne ya fi ba ni wuya. Na yi kwanaki kaina na sarawa, ina faɗa da kowa. Matsewar nan kuwa a zaure nake yi, ina gaisawa da mutane ba wanda ya san ina aiki. Ba a kwana ɗaya aka ga canji ba. Sai da damina ta yi nisa na lura ina iya zama daga hantsi har a ɗan jima ban tashi ba. Bai warke ba, har yau bai warke ba. Amma ya zama abin da na san halinsa, kamar tsohon inji.

Tudun da Hajiya ta ce in nema, na san shi tuntuni. Wani ɗan tsibiri ne mai duwatsu da 'yan itatuwan kurna, kusan rabin hanya, ko ruwa ya cika ba ya nutsewa. Sai an ɗan karkata kafin a kai shi, shi ya sa ba mai zuwa. Muka je ni da Shehu ranar da babu kasuwa, muka auna zurfi da gora, muka gano gefen da jirgi zai iya sa goshi kan yashi ba dutse. Muka sare ƙaya, muka kafa zana a gefe ɗaya don mata, maza kuma bayan duwatsu. Shehu yana aikin yana gunaguni. Ya ce, "Yaya, mai za mu ƙona, kuma yaran nan za su riga mu kasuwa. Masu sauri za su bar mu." Na ce, "Za su bar mu." Haka kuwa aka yi.

Ranar farko da na koma kan inji na karkata jirgi zuwa tsibirin, wani saurayi mai kayan waya ya ce, "Baba, lafiya? Inji ne?" Na kashe wuta don kowa ya ji, na ce, "Inji lafiya lau. Ni ne na yi ciwo, an yi mini magani, ya bar ni ba na iya riƙe fitsari. Nan za mu riƙa tsayawa kullum, zuwa da dawowa. Mai uzuri ya sauka, mai sauri kuma gobe ga jiragen yara nan." Hajiya Ige ta miƙe ta kama hannun wata mai tsohon ciki suka sauka. Sai wata tsohuwa ta bi su, sai wata. Kafin in dawo daga bayan duwatsu rabin jirgi na tudu.

Saurayin bai ƙara shiga jirgina ba, da ire-irensa, kuma ban ga laifinsu ba. Amma wasu suka maye gurbinsu. Ku da kanku kun ga irin fasinjana yanzu: tsofaffi, da masu ciki, da masu goyo, da waɗanda ake kaiwa asibiti. Na ji kuna kiransa jirgin tsofaffi. Ba na jin haushi. Tafiyar ma ta koma irin ta zamanin Ɗantani, a hankali, ana hira, ana miƙa wa juna ƙuli-ƙuli.

Bara, bayan an gama girbin shinkafa, wani tsoho ya zo bakin ruwa da sanda, Bagunge, ya girme ni nesa. Ya jira sai da mutane suka rage, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Direba, gaskiya ne kana tsayawa a hanya?" Na ce gaskiya ne, Baba. Ya ce ɗiyarsa na aure a ƙetare, ya yi shekaru bai taka gidanta ba, don irin larurata gare shi, jikokinsa ma sai in an kawo su. Na zaunar da shi kusa da ni.

Da muka tsaya a tsibiri Shehu ya sauko da shi, ya bi bayan duwatsu. Kowa ya gama ya dawo, tsoho shiru. Na ji tsoro ko faɗuwa ya yi, na bi sawunsa. Na same shi zaune a kan wani faffaɗan dutse, ya aje sanda, yana shafa wasu ramuka masu santsi a jikin dutsen da tafin hannunsa. Na sha ganinsu ban taɓa kula ba.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Nan Inna ke niƙa." Ya nuna ruwan da ke ƙasanmu da haɓa. "Garinmu na nan ƙasa. Wannan dutsen bayan gari ne, nan mata ke hawowa da hatsi. Tun da anka tashe mu ban san kansa na waje ba."

Na duba ruwan da ya nuna. Daga jirgi na ji ana kiran sunana. Ya ɗago ya dube ni, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Allah shi ba ka lahiya, Direba. Amma da ba don fitsarin nan naka ba, da na mutu ban sake taka garinmu ba."

Na ɗaga wa Shehu hannu na ce su ƙara haƙuri. Na zauna gefen tsohon a kan dutse, muka bar kasuwa ta jira.